Injinan da Aka Kulle a Bakin Tafkin Kuza

Hasiya Zainulabideen,
Mai Kula da Na'urorin Awo,
Shirin Ban-Ruwa na Lambun Naraguta,
Nasarawa Gwom, Jos.

Talata, 11 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Gidauniyar Ruwa da Lambu ta Kan Tudu,
Titin Bauchi, Jos.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE AKWATUNAN SARRAFA BAYANAI DAGA LAMBUN NARAGUTA, DA YAƊA SUNAYEN MANOMA BA DA IZININSU BA, DA KULLE INJINAN BAN-RUWA

Bayan gaisuwa ta ban-girma, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin Mai Girma in gabatar da ƙorafi a kan sauyin da aka yi wa tsarin sarrafa bayanai a lambun Naraguta, da abin da sauyin ya jawo. Ni ce ƙaramar ma'aikaciyar da ke kula da na'urorin awo a wurin tun watan Oktoba na 2023. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma wannan ne aikina na farko bayan bautar ƙasa. Ban saba tsallake na gaba da ni ba, ban kuma taɓa rubuto wa wannan ofis komai ba. Na yi rubutun da Hausa ne saboda kwafinsa zai je hannun dattawan lambu, ina so su ji abin da na faɗa a kansu kai tsaye, ba sai an fassara musu ba.

Kamar yadda Mai Girma ya sani, manoman rani a Naraguta suna jan ruwa ne daga tsohon tafkin da masu haƙar kuza suka bari. Gidauniya ta ba su injinan ban-ruwa masu aiki da sola, ta kuma dasa na'urorin awo: akwai mai auna ruwan da kowane inji ya ja, akwai mai auna danshin ƙasa a kowace gona, sannan akwai mai auna zurfin tafkin. Duk abin da suka auna yana zuwa ne cikin wasu ƙananan akwatuna biyu da muka kafa a ɗakin ajiyar kayan ƙungiyar manoma, a bakin tafkin. A cikinsu ake haɗa lissafi, a yanke hukunci, a ajiye bayanai. Taƙaitaccen rahoto kawai ke tafiya babbar sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke tara bayanai, sau ɗaya a mako, kuma ba ya ɗauke da sunan kowa. Masana suna kiran babbar sabar da ke nesa gajimare, irin wannan aiki na kusa kuma suna ce masa tsarin hazo, wato gajimaren da ya sauko ya zauna inda mutane suke. Su dai manoma akwati kawai suke cewa.

Akwai wata al'ada a lambun da ya zama dole in bayyana, domin a kanta maganar take. Bayan rikicin da ya raba unguwannin garin nan, dattawan lambun sun yi wata yarjejeniya da suke kira ban-ruwan maƙwabci. An haɗa kowane manomi Musulmi da abokin iyakarsa Kirista. Ranar Lahadi Musulmin zai shayar da gonarsa, ya kuma shayar da ta maƙwabcinsa da ya tafi coci. Ranar Juma'a Kiristan zai rama. Sharaɗinsu shi ne ba wanda zai taɓa injin wani, don kada ya lalace a hannunsa a samu abin magana. Kowa da injinsa yake yi, sai dai ya ƙara dogon tiyo. Kuma ranakun biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Musulmi yakan yi ban-ruwan safe da kansa ranar Juma'a, na rana kawai ake yi masa. Kirista kuwa yakan bar gona tun safe har yamma, daga sujada zuwa taron zumunta zuwa ziyarar marasa lafiya. Saboda haka injin Musulmi yana yin aikin gona biyu cur ranar Lahadi, na Kirista kuma ɗan ƙari kaɗan ranar Juma'a. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa ƙirga wa wani.

Lokacin da muke kafa akwatunan, Baba Pwajok, shugaban ƙungiyar manoma, ya zauna da ni ya faɗa mini wa ke haɗe da wa, ni kuma na shigar. Daga nan idan injin wani ya ja ruwa ranar Lahadi, danshi kuma ya tashi a gonar maƙwabcinsa, akwatin yakan sa ruwan a lissafin gonar da ta sha, ba na mai injin ba. Rani guda da rabi muka yi a haka ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. An cire akwatunan ba tare da shawara da ƙungiyar manoma ba. A taron ma'aikata na ranar 10 ga Disamba, 2024, sabon manajan shiri, Injiniya Isa, ya sanar da cewa masu ba da tallafi suna son su riƙa ganin alƙaluma a allon kwamfutarsu a daidai lokacin da ake aunawa, don haka za a mayar da komai kan babbar sabar Kamfanin Dutsen Haske. Na ɗaga hannu na yi maganar ranar Lahadi. Mai yiwuwa muryata ba ta fita sosai ba. Ya yi murmushi, ya kira ni ƙanwarsa, ya ce in sa a rubuce. Na sa a rubuce a ranar, na miƙa wa sakatariyarsa, ban samu amsa ba. Ranar 13 ga Janairu ma'aikatan kamfanin suka zo suka kwance akwatunan. Baba Pwajok ya tarar da su suna naɗe waya, ya tambaye su ina za a kai, suka ce masa an samu wanda ya fi shi.

2. An saɓa alkawarin da Gidauniya ta yi wa manoma. A taron ranar 4 ga Nuwamba, 2023, a gaban limami da fasto, wakilin wannan ofis ya ce bayanin kowane mutum, wato sa'ar da ya kunna inji da yawan ruwan da ya ja, zai tsaya a cikin akwati, ba zai fita daga Naraguta ba. Da wannan sharaɗi suka yarda aka liƙa na'ura a injinansu. Yanzu kowane motsi na kowane inji yana tafiya da sunan mai shi da lambar wayarsa zuwa wata saba da ni kaina ban san ƙasar da take ba. Abin da ya fi damuna shi ne, don a rage nauyin abin da ake aikawa, kamfanin ya zaɓi bayanin injina ya bar na danshin ƙasa. Wato babbar sabar tana ganin wanda ya ja ruwa, amma ba ta ganin gonar da ta sha.

3. An yaɗa sunayen mutane da zargin da ba gaskiya ba. Sabon tsarin yana auna kowane inji shi kaɗai, kowace rana ita kaɗai, da ƙa'ida ɗaya. Ranar Litinin, 20 ga Janairu, saƙon tes ya shiga wayar duk 'yan ƙungiya, har da masu gona da ke zaune cikin gari da 'ya'yansu. Saƙon ya ce waɗannan mambobi sun ɗebi ruwa fiye da haƙƙinsu ranar Lahadi, sai ya jera sunaye goma sha ɗaya. Ranka ya daɗe, duka goma sha ɗayan Musulmi ne. Ɗan ƙarin da Kiristoci ke yi ranar Juma'a bai kai iyakar da aka sa ba, don haka ba sunan Kirista ko ɗaya da ya taɓa fitowa.

Ba mutum ne ya zauna ya rubuta saƙon ba, na sani. Amma mutane ne suka karanta shi, kuma a garin Jos suka karanta shi. A wannan lokaci na shekara tafkin yana ja da baya kamar kullum, kowa yana ganin alamar laka a jikin dutse. Ina zaune ina goge na'ura na ji wasu samari daga ɓangaren yamma suna cewa ashe shi ya sa ruwa ke gudu, mu muna coci ana yi mana aiki. Wani dattijo ya tuna musu ban-ruwan maƙwabci, ɗaya ya amsa masa da cewa wa ya san iya abin da ake yi idan ba kowa a wurin, ai inji ba ya ƙarya, kuma ba shi da addini. A ɓangaren gabas kuma na ji ana cewa da gangan aka saita abin, an san sunayen da ake so ya fitar. Da suka lura ina kusa sai suka yi shiru, dukansu, na yamma da na gabas. Da can sukan tsokane ni su ce Malamar Akwati ta iso, a ɓoye ƙarya.

4. An sa na ba mutane tabbacin da ba a cika ba. A ranar da saƙon ya fita na sami Injiniya Isa a ofis. Ya karanta, ya ce oho, wannan ƙaramin gyara ne, kamfani zai yi shi cikin mako, in je in gaya wa manoma su ci gaba yadda suka saba. Na je na gaya musu. Daga cikin waɗanda sunansu ya fito akwai Malam Jabir, dattijo mai latas da karas, wanda yake shayar da gonar Mama Chundung kowace Lahadi tun rasuwar mijinta. Ya dube ni ya ce, 'yata, kin tabbata, don shi a shekarunsa ba ya son a sake karanta sunansa a waya kamar ɓarawon akuya. Na ce masa na tabbata, manaja ne ya faɗa. A kan maganata suka ci gaba. Saƙon ya sake fita Litinin ta biyu, ya sake fita ta uku. Ranar 3 ga Fabrairu tsarin ya kulle injinan goma sha ɗayan da kansa, saboda ƙa'idar kamfanin ita ce wanda ya yi laifi sau uku a rufe shi. Ba wanda ya sanar da ni akwai wannan ƙa'ida. Ba na jin Injiniya Isa ma ya san da ita, domin na ga fuskarsa lokacin da na kai masa labari.

5. An kasa buɗe abin da aka kulle. Injiniya Isa ya kira kamfanin a gabana, ba zan ɓoye wannan ba. Suka ce sun karɓi ƙorafi, za a duba. Amsar da ta zo a rubuce ta ce a shawarci manoma su raba jan ruwansu daidai wa daida a ranakun mako. Da ya matsa musu, sai suka ce sun aika umarnin buɗewa. Injina biyu da ke kan tudu suka buɗe. Sauran suna cikin kwari, inda sabis ke zuwa ya tafi yadda ya ga dama, kuma in umarnin bai isa cikin ɗan lokaci ba sai ya mutu, sai an sake roƙon kamfani ya aiko wani. Umarnin kullewa dai ya samu hanya ya shiga. Saboda wannan matsala ta sabis ce tun farko aka kafa akwatunan a bakin tafkin. Da suna nan, da hannuna zan buɗe injinan ina tsaye a wurin. Yanzu ina tsaye kusa da inji, ina iya taɓa shi, amma izinin kunna shi yana wata ƙasa.

6. Abin da na gani ranar Lahadi, 9 ga Fabrairu. Ba ranar aikina ba ce, amma na je. A cikin mako maƙwabta Kiristoci sun yi ta taimaka wa waɗanda aka kulle da nasu injinan, wasu da zuciya ɗaya, wasu fuska a ɗaure. Amma ranar Lahadi ba wanda zai kunna, kuma sharaɗin kada a taɓa injin wani yana nan. Na tarar da Mama Chundung cikin zanin zumuntar mata, da ɗankwalinta na coci, tana saukowa bakin tafkin da bokiti, domin nata injin ya lalace tun tsakiyar mako. Gangaren yana da santsi, ita kuma gwiwarta ba lafiya. Latas ɗin da ta dasa a ƙarshen Janairu ya kwanta, gefen ganyen ya ƙone. Ta ce mini ta shirya tsaf za ta tafi sujada, ta kai bakin titi, sai ta kasa, ta juyo. Ta ce tun da aka yi mata baftisma ba ta taɓa rasa Lahadi saboda gona ba.

Malam Jabir yana zaune a kan dutse kusa da injinsa. Ya tashi zai karɓi bokitin, sai ya hango samari biyu a kan tudu suna kallo, ɗaya ya ɗaga waya. Ya tsaya. Mama Chundung ta ɗaga murya yadda za su ji, ta ce Jabir bai saci komai ba, ruwan da ya ja a cikin gonarta yake, wanda ke son gani ya sauko ya tona ƙasa. Ba wanda ya sauko. A ƙarshe ni na karɓi bokitin, muka yi ta yi da ita har rana ta take, ba mu kai rabin gonar ba. Malam Jabir ya koma kan dutsensa ya zauna yana kallonmu. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

7. Abin da ke tafe. An kira taron gaggawa na ƙungiya ranar Asabar, 15 ga Fabrairu. Samari daga ɓangarorin biyu sun kawo shawara iri ɗaya, kuma wannan ne karo na farko da na ga sun yarda a kan abu guda: a soke ban-ruwan maƙwabci, a raba bakin tafkin gida biyu, a ja waya a tsakiya, kowa ya tsare nasa. Baba Pwajok ya ce mini shi da sauran dattawa za su yi iya ƙoƙarinsu, amma bakinsu kawai suke da shi, samarin kuwa suna da saƙo a waya. A cikin akwatunan nan biyu akwai awon rani guda da rabi, inji da danshi a haɗe, wanda zai nuna inda ruwan kowace Lahadi yake zuwa. Suna cikin kwali a ƙarƙashin teburin sakatariya. Na ji an ce ranar Juma'a, 14 ga wata, za a goge su a aika wani shiri a wata jiha.

Ranka ya daɗe, na san sunan da ke ƙasan wannan takarda. Na san akwai wanda zai ga Hasiya ya ce nata take karewa, kuma wannan tunani ya daɗe yana hana ni zama in rubuta. Ina roƙon a duba cewa gonar da ta fara ƙonewa ta Mama Chundung ce. Ba na kuma zargin Injiniya Isa da mugun nufi. Baƙo ne a garin, bai taɓa kwana yana sauraron ko ƙarar da ya ji ta tayar mota ce ko ta wani abu ba. Mu da muka tashi a nan mun san yadda ƙaramar magana take girma. Ba na ƙin babbar saba, tana da amfaninta wajen rahoto da hangen shekara da shekara. Abin da nake cewa shi ne hukuncin da zai taɓa gonar mutum da sunansa bai kamata a yanke shi a inda ba a san ranar Lahadi a Naraguta ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya ba da umarni a dakatar da goge akwatunan, a mayar da su ɗakin ajiya na ƙungiya kafin ranar Juma'a. Ni da abokiyar aikina Chinonye za mu iya haɗa su cikin yini ɗaya, ba sai an kira kamfani ba.

(b) A buɗe sauran injinan nan take, a kuma cire ikon kullewa daga babbar saba. Idan har za a kulle injin wani, ya zama shugabannin ƙungiya ne suka zauna suka yanke.

(c) A aika saƙo zuwa duk wayoyin da suka karɓi na farko, da Hausa da Turanci, da sunan Gidauniya, a faɗa a fili cewa mutanen nan ba su ɗebi haƙƙin kowa ba, kuskuren na tsarin ne. A ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka ambata lokacin zargi.

(d) A umarci kamfanin ya goge sunaye da lambobin wayar da ya tara, a koma kan alkawarin 4 ga Nuwamba.

(e) Mai Girma ya halarci taron ranar Asabar, ko ya turo wanda za a ji maganarsa. Idan an ba ni dama zan nuna awon a gaban kowa. Ban iya magana a taro ba, amma zan yi.

A shirye nake in zo ofis duk lokacin da aka neme ni, da kwafin takardata ta 10 ga Disamba da saƙonnin guda uku. Idan rubuto wannan ƙorafi ya saɓa wa ƙa'idar aiki, na yarda a hukunta ni bayan an buɗe injinan.

Jiya na sake komawa lambun. Dogon tiyon Malam Jabir yana nan a shimfiɗe, daga bakin injinsa, ya tsallaka iyaka, har cikin fangalin latas na Mama Chundung. Ya bushe, rana ta fara fasa shi. 'Ya'yansa sun ce ya naɗe abinsa ya kawo gida, ya ce a bari tukuna a ga Asabar. Ina roƙon Mai Girma, don Allah, a sa ruwa ya bi ta cikin tiyon nan kafin ya naɗe shi.

Ina neman afuwa idan na yi tsawo ko na yi kaushin harshe a wani wuri. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira, ya zaunar da garinmu lafiya.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Hasiya Zainulabideen
Mai Kula da Na'urorin Awo,
Shirin Ban-Ruwa na Lambun Naraguta.

Kwafi zuwa ga:
Injiniya Isa, Manajan Shiri.
Baba Pwajok, Shugaban Ƙungiyar Manoman Lambu, Naraguta.